Hannun Da Bai Tafi Ba

"Malama, ga wani uba yana so a zagaya da shi," in ji Shugabar makaranta. "Ke ce kika haddace tarihin gidan nan kamar sunanki."

Ta ɗago daga littattafan da take dubawa, sai alƙalami ya suɓuce mata.

Baban Aku ne!

Furfura ta ɗan taɓa gemunsa, amma murmushin yana nan. Shekaru sun ja tun da aikin gina gadoji ya ɗauke shi zuwa wata ƙasa, shi da 'yarsa marainiya, wadda surutu ya sa 'yan aji suka laƙaba mata Aku. Ya so ya tafi da Malama a matsayin matarsa, ta kuma amince. Ana saura kaɗan, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baban Malama, direban motar makarantar. Ita ce babba a gida, sai ta warware akwatinta.

Yau ga shi, shi kaɗai... Ko dai ita ya dawo nema?

"Bismillah, Yallaɓai," ta ce.

"Yallaɓai kuma? Yaushe aka ƙara min girma?"

Ta yi kamar ba ta ji ba, ta shige gaba.

"Makarantar nan da ɗaki uku ta fara, a gidan haya. Wasu iyaye baƙi ne suka kafa ta, don kada karatun 'ya'yansu ya riƙa yankewa duk sanda aiki ya canza musu ƙasa. Manhajarmu iri ɗaya ce da ta makarantu da yawa a duniya, inda yaro ya tsaya a nan, daga nan zai ɗora a can..."

"Ina ma haka mutane suke," ya ce a hankali.

Ta nuna masa ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, da ɗakin kiɗa, da wurin ninƙaya da aka gina a inda tsohuwar motar makaranta take kwana. Nan ya tsaya.

"Ya jikin Baba Direba? Ina tuna yadda yake faɗa in yaro ya ci biskit a mota."

"Baba ya rasu bara."

"Allah ya jiƙansa..."

"Amin." Ta kau da kai. "Kafin ya cika ya riƙe hannuna, ya ce, 'Uwata, da kin bi mutumin nan. Ai da ƙannenki sun kula da ni.' Ka ji fa! Sai da komai ya wuce!"

"Na jira ki, Malamata. Wallahi na jira."

"Na sani. Ni ce na daina ɗaga waya. In na ji muryar Aku, sai in wuni ban moru ba."

Ƙafafunsu suka kai su bangon bayan ɗakin karatu. A makarantar nan ba a daɗewa, yau a zo gobe a tafi, don haka duk yaron da zai bar ƙasar yakan tsoma tafinsa a fenti ya manna a bangon. Ɗaruruwan ƙananan hannaye, ja da kore da ruwan ɗorawa. Can ƙasa ga na Aku, kusa da shi kuma ga wani babba, shuɗi.

Ta tuna ranar. Aku ce ta ja ta da ƙarfi tana ihu: "Ke ma sa naki, Mamana, ai tare za mu tafi!"

"Aku tana jami'a yanzu," ya ce. "Har yau bakin nan bai huta ba. Ita ta ce in duba mata ko hannunki yana nan."

"Yana nan. Ni ma ina nan..." Ta dube shi ido cikin ido, ta tattaro duk ƙarfin halinta. "Yanzu babu abin da ya riƙe ni."

Ya buɗe baki ke nan, sai muryar yaro ta katse shi.

"Abba! Abba! Na ga ruwan wanka ƙato!"

Wani ɗan ƙaramin yaro ya sheƙo a guje ya rungume ƙafarsa. A bayansa wata mata ce mai fara'a, tana haki.

"Sannu, Malama! Ke ce malamar Aku, ko? Kullum sai ta yi zancenki. Don Allah a sa mana wannan sarkin ƙiriniyar a ajinki."

"Da izinin Allah," in ji Malama. Har murmushi ta yi.

Yaron ya ɗora tafinsa a kan shuɗin hannun.

"Wannan na waye? Ya yi girma!"

Ta durƙusa a gabansa, hawaye na gangaro mata.

"Na wata ce da ta yi shirin tafiya, ɗana."

"Ta tafi?"

"A'a. Ta tsaya tana shafa wa masu tafiya fenti."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta kama ɗan hannunsa.

"Zo, in nuna maka kujerarka."