Maganin da Ba a Sha

Ranar da mutum ya fi sa rai, ranar ya kamata ya ɗaure zuciyarsa. Sufeto bai ɗaure tasa ba. Ya shigo ɗakin yara na asibitin da safe yana murmushi, sai ya tarar da Likita tsaye gaban firij a buɗe, ta ɗora hannu a ka.

"Babu su," ta ce. "Kwalaben duka."

Autarsa ƙusa ta taka, ciwon ya ruɓe yana neman ƙashi. An yi allurai kala-kala, ƙwayar cutar ta ƙi jin ko ɗaya. Da ƙyar Likita ta samo mata gurbi a wani gwajin sabon magani. Ta ce akwai ƙwayoyin cuta marasa lahani da ke fitar da wani sinadari mai huda jikin mugayen ya kashe su. Shi aka tace, aka aiko a 'yan kwalabe kamar ɗan yatsa, daidai na yaro ɗaya. Idan babu shi, sai yanke ƙafa.

Nan take Sufeto ya koma ɗan sanda. Ya duba ƙofar ɗakin firij, ba a fasa kwaɗo ba. Magunguna masu tsada suna nan, ba a taɓa su ba.

Ya fara da mai gadi.

"Wa ya fita da kaya?"

"Ranka ya daɗe, ko kwanon abinci sai na buɗe. Ka tambayi matarka, har zagina ta yi jiya."

Gaskiya ne, ta ba shi labarin. Ya sallame shi, ya kira Sista mai kula da ɗakin.

"Makulli a hannun wa yake kwana?"

"A hannuna."

"Kullum?"

Ta sunkuyar da kai. "Masu jinya kan roƙe ni su ajiye madarar yara. Nakan ba su, su dawo mini da shi. Jiya kusan kowa ya karɓa."

Ita ba za ta saci abin da ita za a fara tambaya a kansa ba. Kwalaben kuma ba su da sunan da ɗan kasuwa zai saya. Ashe ɓarawon ba ya neman riba, yana da nasa majinyacin, kuma bai fita daga ɗakin ba.

Ya bi gadajen ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, kowa na rantsuwa. Ƙafafunsa suka gaji, ya zauna a bakin gadon Auta. A gado na kusa akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Kaka, tana jinyar jikanta da ya ƙone a ƙirji, ƙunar ta kama irin wannan ciwo. Shi ba a sa shi a gwajin ba, ƙodarsa ta yi rauni. Kaka ce ke goge wa Auta gumi idan uwarta ta fita.

"Mai gidana, tashi ka gaida surukinka," ta ce wa yaron tana jan yatsansa. "Rago, ko cefane ba ya ba ni." Yaron bai motsa ba. Ta juyo wurin Sufeto. "Ɗana, kada ka kashe kanka. Maganin da ko ɗaci babu, kamar ruwan gishiri, wane ciwo zai kashe?"

Sufeto ya miƙe a hankali, ya sami Likita a bakin ƙofa.

"Wane ɗanɗano gare shi?"

"Wa ya sani? Ai ba sha ake yi ba, cikin ciwon ake sa shi."

"Idan an sha fa?"

"Ciki ya narkar da shi kamar nama. Ya tafi a banza."

Ya dawo ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Kaka, Likitar da ta kawo shi ma ba ta san ɗanɗanonsa ba. Ke ya aka yi kika sani?"

Ta kawar da kai. Ya ɗaga ledar da ke ƙarƙashin gadonta, kwalaben suka yi ƙara, babu komai a cikinsu.

"Ban taɓa ba shi abu ban ɗanɗana ba," ta ce. "Ko ruwa ne. Na ji ana cewa an sami mai kashe ciwon nan. Taka 'ya ce, nawa fa? Na ce ita ƙafa za ta rasa, shi kuwa rai. A cokali na ba shi duka. Me ya sa bai tashi ba, ɗana?"

Ya waiwayi Likita. Ita ce ta faɗa mata cewa ba sha ake yi ba. Kaka ta dubi cokalin da ke hannunta, ta zame ƙasa tana salati.

Sufeto ya kama ɓarayi da yawa, bai taɓa jin hannunsa ya yi nauyi haka ba. Ya bar ta a zaune, ya bi Likita tana buga waya. Can masu haɗa maganin suka ce sai an sake rainon ƙwayoyin, a tace, a gwada, kuma akwai wasu a layi.

"Baba," Auta ta kira shi, "yau ne za a sa mini?"

"Ba yau ba, uwata."

Babu wanda ya san ko sabon zai iso kafin ruɓar ta kai ƙashi. Babu kuma wanda ya san ko na farkon ma da zai yi aiki.