Kwana Biyar Kafin Na'ura Ta Manta

Jina-jina ya faɗo mata ɗakin na'urori, leɓe a fashe, ya danna sakata. A waje dangin wata mamaciya suna dukan ƙofa da sanduna.

"Wallahi ba ni na canja rukunin jininta ba," ya ce yana haki.

Mai gwajin jini ne a asibitin, ita kuma ke kula da rumbun bayanai. Ta miƙa masa hankici. Kai, so ba shi da kunya! Ana wannan tashin hankali ta lura da idanunsa.

Masu gadi suka fitar da shi ta baya, ya ɓuya, saƙon waya ya fara yawo tsakaninsu.

"Injiniyata, in sun kashe ni, da sunanki a baki zan tafi."

"Ɗan gudun hijira, ka mutu ka bar ni da wa? Tashi ka ci abinci."

Abbanta ya ga saƙon, ya ɗauke ta da mari.

"Mai kisan kai? Ga ɗan yayata, shugaban ɗakin gwaji guda, yana sonki!"

Ta haɗiye kukanta. Duk canjin da aka yi a rumbun yana da lamba, na'ura kuma tana riƙe lokacin kowace lamba, amma kwana biyar kacal, sai ta manta. A rana ta huɗu ta zaƙulo lambar canjin rukunin jinin, ta nemi lokacinta: Talata, goma da kwata na safe. A daidai lokacin masoyinta yana kwance yana ba da jini, gaban ma'aikatan jinya uku. Mutum ɗaya ya rage a ɗakin gwaji, kan kwamfutar da masoyin nata ya bari a buɗe: ɗan yayar Abba.

Kafin azahar ɗan yayar ya ji labarin bincikenta, ya banko ƙofarta, ya shaƙe ta, ya gwara kanta da tebur.

"Kuskure na yi! Goge shi!"

"Ka makara, Yaya," ta ce da ƙyar. "Na tura wa hukumar asibiti."

Abba ya daɗe tsaye bakin gadonta na asibiti yana kallon shatin yatsu a wuyanta.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, ango da giɓin haƙora biyu, amarya murya a dishe. Abba ya riƙe hannun surukinsa, hawaye na bin gemunsa.

"Na kira ka mai kisan kai, ɗana, ga shi na ba ka 'yata. Ka riƙe ta fiye da yadda na riƙe ta. Allah ya yi muku albarka."