Saukar Karkace

Ranar da Nusaiba ta fara ganin Mas'ud, daga cikin geron babanta ya fito, goshinsa na jini. Iska ce ta bugi ƙaramin jirginsa ta gefe yana sauka a filin bayan Gummi, ta watsa shi cikin gona, shi da maganin da ya ɗauko wa yaran da gubar dalma ta kama.

"Sannu, Malam. Ga ruwa."

Ya karɓi kwanon, amma ita yake kallo, har ruwan ya zube masa a riga.

So ya kama su ba sallama. Sai dai mahaifinta, Malam Hudu, ya kafe.

"Wanda iska tak kayas za ni ba ɗiyata? Ga Sagir mai sayen zinari, ƙahwahunai bisa ƙasa!"

Mas'ud ya turo mata saƙo: "Tauraruwata, na koma horo. Kullum ni da malamina muna sauka cikin iskar gefe. Ki jira ni."

"Ina jira, Kyaftin ɗina. Amma ka yi sauri, bayan girbi Baba zai ba Sagir aurena."

Ya dawo gero na nuna, a ranar da iska ke lanƙwasa itatuwa. Gari ya fito kallo. Ga jirgi ya nufo fili, amma a karkace, hancinsa na duban wani wajen.

Sagir ya tuntsire da dariya. "Ga shi nan, za ya kuma!"

Malam Hudu kuwa, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana fito da kwalekwale a Gulbin Ka, sai ya miƙe tsaye.

"Yi shiru, yaro. Haka aka ƙetare gulbi in ya cika. Goshin kwalekwale kaka karkata ma ruwa, shi ma haka yay yi ma iska."

Dab da ƙasa jirgin ya miƙe. Tayar ɓangaren iska ta fara taɓawa, ɗayar ta biyo a hankali. Nusaiba ta rangaɗa guɗa, ta manta babanta na gefe.

Ranar ɗaurin aure, kafin liman ya shafa fatiha, Malam Hudu ya ɗaga murya, ƙirji a gaba.

"Ku shaida, ni nib ba shi da kaina. Wanda yaf faɗi, yak koma yak koyo, ba shi kada ɗiyata. Allah shi yi musu albarka!"

Gummi ta amsa da amin.