Ƙoƙon da Sakiusa Ya Sha

Ruwan saman Suva, babban birnin ƙasar Fiji, ne ya koro Timaima cikin rumfar, ba niyya ba. Ɗaliban jami'a ne suka kafa ta a bakin ɗakin karatu, suna gwajin HIV kyauta, suna raba kwaroron roba. Wani dogon saurayi, Sakiusa, ya turo mata kujera.

"Tunda kin shigo, kawo yatsa."

"Fakewa na zo yi, malam."

"Kowa haka yake cewa. Cizon sauro ma ya fi shi zafi."

Ta miƙa tana hararar sa. Sakamako ya fito lafiya lau. Ruwa ya ɗauke, ita kuwa ba ta tashi ba.

Daga nan kullum suna tare, amma ko hannunta bai taɓa riƙewa ba. Ran nan da yamma, a bakin teku, ya ce mata:

"Maima, kafin zuciyarki ta yi nisa. Shekarata ta farko na yi irin rayuwar hostel, shagali da giya, yau wannan gobe waccan, ba kariya. Ina ɗauke da cutar HIV. Kullum ina shan magani."

Ta tashi ta tafi. Ya ɗauka shi ke nan. Sai bayan kwanaki saƙonta ya shigo:

"Sakiusa nawa, na yi kuka na gama. Na je wurin likita na yi ta tambaya har ta gaji. Ta ce mai shan magani har ƙwayar ta daina fitowa a gwaji ba ya sa wa matarsa. Gobe ka zo da gurasar roti, yunwa nake ji."

Ya mayar mata: "Sanyin idona, na karanta na sake karantawa. Na kaza ko na dankali?"

Epeli, ɗan ƙauyensu da ya daɗe yana son ta, shi ya kai maganar gida, can yankin Tailevu, wurin mahaifinta Apisai, manomin rogo da gwaza. Duk uban da ya tura 'ya birni ya san abin da Apisai ya ji. Ya kira ta gida.

"Karatu na tura ki, ba neman ajali ba. Ga Epeli lafiyayye."

Epeli na zaune a gefe. Ta juya ta dube shi.

"Lafiyayye, yaushe ka yi gwaji?"

Ya hau sosa ƙeya.

"Ka gani, Baba? Rabin samarin makarantarmu haka suke, ba su sani ba, ba sa son sani. Sakiusa kuwa ya sani, kuma ya faɗa mini tun bai taɓa ko yatsana ba."

"Ya taɓa mana, wurin gwaji," in ji mahaifiyarta. Ba wanda ya yi dariya sai ita.

Washegari Apisai ya hau bas shi kaɗai zuwa asibitin gari, ya zauna gaban nas yana murza hularsa. Ya yi tambaya a kan lafiyar 'yarsa, ya yi tambaya a kan jikokin da ba a haifa ba.

Bayan sun gama karatu, dangin Sakiusa suka zo neman aure da tabua, haƙorin babban kifin teku. Kawunsa ya durƙusa yana riƙe da shi, ya yi jawabi. Apisai ya ce a fara shan yaqona, abin shan gargajiya da ake damawa da garin saiwa, tukuna zai ba da amsa.

Aka dama a babban akushin katako. Ƙoƙon kwakwa ɗaya ke zagayawa, kamar kullum. Da aka zo kan Sakiusa, sai Gwaggo Vasiti, yayar Apisai, ta turo wani sabon ƙoƙo daga bayanta.

"A zuba wa baƙo a nan."

Kawun ya sunkuyar da kai. Sakiusa ya tafa bisa al'ada zai karɓa, fuskarsa ba ta canza ba. Timaima na leƙe daga ƙofar kicin, hannunta a baki.

"Yaya," in ji Apisai, "mayar da ƙoƙonki."

"Apisai, ni lafiyarku nake..."

"Na tambaya, ba a ɗauka ta nan. Ko da ana ɗauka, yaron da bai ɓoye wa 'yata ba, ba a gidana za a ware shi ba."

Aka cika tsohon ƙoƙon. Sakiusa ya shanye. Apisai ya ce a sake cikawa a ba shi, ba tare da an ɗauraye ba. Ya kafa kai ya shanye tas, maza suka tafa. Sannan ya miƙa hannu biyu ya karɓi haƙorin.

"Ɗana, maganin nan kada ka tsallake ko rana ɗaya. Zan riƙa kira."

"Ka kira, Baba. Ita ma ba ta bari na huta."

An ɗaura auren a cocin ƙauye, Gwaggo Vasiti ce ma ta fi kowa ɗaga murya a waƙa. Allah Ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu ƙoshin lafiya, Ya ba 'ya'yanmu masu faɗa musu gaskiya tun da wuri.