Allurar da Bushira Ta Ɗauko

Bayan isha'i aka ƙwanƙwasa ƙofar Bushira, malamar asibiti a wani ƙauyen Aliero. Luba ce, aminiyarta tun firamare.

"Taho da allura, zuma sun harbi ɗiyata, numfashi ya ƙi fita!"

Bushira ta zari adirenalin, allurar da ke buɗe maƙogwaro in ya kumbura, ta bi ta cikin gonakin albasa. Ranar aka yi ban ruwa, laka sai kama takalmanta take. Luba kuwa ba ta barin sawu.

A bakin rijiyar da Luba ta kai ta babu yarinya, sai inuwoyi zazzaune. Bushira ta cafki wuyan hannun Luba, ta laluba bugun jini, babu.

Luba ta dubi inuwoyin. "Ban gaya muku ba? In ni na kira ta, ba ta tambaya."