Jan Keke da Hanyar Gonar Kaka

A garinmu Karakol, a layin da muka tashi, an yi wata yarinya mai son keke. Tana aji shida a lokacin. Gidansu yana kallon namu.

Kakanta yana da wani tsohon baƙin keke. Tun daga nesa ake jin kukan kacarsa. Tun tana ƙarama, duk ranar Lahadi yakan ɗaure mata matashi a kan kariya, ya goya ta zuwa gonarsa ta tuffa da ke kusa da tafki.

Kaka ba ya sauri. Sukan tsaya su sayi zuma a bakin hanya. Sukan tsaya su kalli dawakai suna shan ruwa a rafi. Idan sun isa gona, sai su shimfiɗa bargo, su sha shayi da gurasa.

Ana nan, yarinya ta girma. Ƙafafunta suka fara jan ƙasa.

"Jikalle, kin yi nauyi," in ji Kaka. "Ko dai a saya miki naki keken, ko ke ki riƙa goya ni."

"Ni ba zan iya ɗaukar tsoho ba," ta ce tana dariya.

A shekarar ne aka yanke shawara a gidan. Da zarar an gama tsinkar tuffa, Kaka zai koma Bishkek, babban birnin ƙasarmu, wajen gwaggon yarinyar da zama. Gwiwoyinsa suna damunsa, kuma a can ne likitocin ƙashi suke. Saboda haka Baba, mahaifin yarinyar, ya ce a sayi keken da wuri, domin su more sauran ranakun Lahadin da suka rage.

Su uku, ita da Baba da Kaka, suka tafi shagon Malam Ermek mai kekuna. Ya dubi tsawonta, ya fito da kekuna biyu.

Na farko ja ne, yana ta sheƙi. Tayoyinsa sirara kamar yatsa. Kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago.

"Wannan na tsere ne," in ji Malam Ermek. "A kan kwalta ba ya da na biyu."

Na biyun kore ne. Tayoyinsa sun fi kauri. Kansa a miƙe yake, kuma yana da kariya a baya.

"Wannan kuwa ruwa biyu ne. Yana bin kwalta, yana bin tsakuwa. Ba shi da gudun wancan, amma za ki zauna a miƙe, ki ga duniya."

Yarinya ba ta ko kalli koren ba. A ajinsu akwai wani yaro mai suna Talant. Yana da keken tsere, kuma kullum sai ya ce duk keke mai kariya na tsofaffi ne.

"Jan nake so," ta ce.

"Ina za ki riƙa zuwa da shi?" Malam Ermek ya tambaye ta.

"Ko'ina!"

Kaka ya duƙa ya taɓa tayar jan keken. "Jikalle, kin manta hanyar gona? Kwalta tana ƙarewa a wajen gada."

"Ni dai shi nake so, Kaka." Ta turo baki, idanunta suka ciko.

Baba ya ce, "Naki ne, ke za ki zaɓa. Amma ki yi tunani. Keke ɗaya za a saya."

Ba ta yi tunanin ba. Aka tafi gida da jan keke.

Washegari a makaranta yara suka kewaye ta. Wannan ya shafa sirdi, wancan ya matsa birki. Har Talant sai da ya ce, "Ba laifi." Ranar ba ta ji ko kalma ɗaya daga darasin lissafi ba.

Lahadi ta zo. Kaka ya sa farar hularsa, ya ɗaure kwandon abinci a bayan kekensa, suka kama hanya.

Suna hawa kwalta, yarinya ta taka feda. Keken ya tashi kamar iska.

"Ke, uwar gaggawa, jira ni!" Kaka ya ɗaga murya.

"Sai ka iso, tsoho!"

Ta duƙar da kai, ta yi ta gudu. Ta wuce mai zuma ba ta gan ta ba. Ba abin da take gani sai tayar gaba. Wuyanta ya fara ciwo, amma ba ta tsaya ba.

Ta haye gada, kwalta ta ƙare. Nan take keken ya fara rawa a kan tsakuwa. Hannuwanta suka yi ta karkarwa. A gangaren rafi, tayar gaba ta nutse cikin yashi. Sai ji ta yi ta faɗi ƙasa tim!

Gwiwarta ta kurje. Taya kuma ta fashe. Ta duba baya, ba kowa. Ta zauna a bakin hanya tana kuka.

Can sai ga Kaka yana tafe yana haki. Tun da ta ɓace masa yake taka feda da dukan ƙarfinsa, don ya san abin da ke jiranta bayan gada. Ya sauko da ƙyar.

"Kin ji ciwo? Mu gani."

Ya wanke mata ciwon da ruwa, ya ɗaure da hankicinsa. Ya ciro famfo don ya gwada tayar, amma bakin famfon bai dace da ita ba.

"To, yau dai babu gona," ya ce.

Suka juyo a ƙasa, kowa yana tura kekensa. Kaka yana ɗingishi. Bai yi mata faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan zafi a ranta. Sai da suka kai kwalta suka sami wani maƙwabci da motar ciyawa, ya kawo su gida.

Kafin safiya gwiwar Kaka ta kumbura. Likita ya ce ya kwanta, kada ya ƙara hawa keke sai kumburin ya saɓe.

Wata Lahadin ta zo ta wuce. Kaka yana kwance yana kallon taga. Jan keke yana jingine a bango, ba mai taɓa shi.

Mama, mahaifiyar yarinyar, ta same ta a bayan gida ta haɗa kai da gwiwa.

"Me ya faru kuma?"

"Mama, ni na ja wa Kaka. Idan ya tafi Bishkek bai ga gonarsa ba fa?"

Mama ta zauna kusa da ita. "Faɗa mini gaskiya. Don me kika so a saya miki keke?"

"Don mu riƙa zuwa gona da Kaka."

"To, don me kika zaɓi jan?"

Ta ɗago kai. Ta ce, "Don 'yan ajinmu su gani."

"Jan keke ba shi da laifi," in ji Mama. "An ƙera shi ne don wata hanya, ba taku ba. Tashi ki je wajen kakanki."

Ta shiga ɗaki ta durƙusa gaban gadonsa. "Kaka, ka yafe mini. Ka gaya mini, ban ji ba. Kuma na gudu na bar ka."

Kaka ya shafa kanta. "Na yafe. Amma kin iya gudu, ja'ira. Ko barewa sai haka."

Ta yi dariya da hawaye a fuska.

Da kanta ta wanke jan keken tas. Ta roƙi Baba ya raka ta shago. Ta tsaya gaban Malam Ermek ta ce, "Malam, ka tambaye ni inda zan riƙa zuwa. Gona zan riƙa zuwa, tare da Kakana."

Malam Ermek ya duba keken sama da ƙasa. "Kin yi sa'a. Akwai wata yarinya mai koyon tsere da ke neman irinsa. Koren ma yana nan. Amma sai kin zauna mun gyara tayar nan tare."

Ta zauna, ya koya mata yin faci. Ta koma gida a kan koren keke, hannuwanta duk baƙin mai.

A makaranta Talant ya tuntsire da dariya. "Kai! An koma keken tsofaffi?"

"E," ta ce. "Da tsoho nake yawo, kuma ya fi ka iya hira."

'Yan aji suka kwashe da dariya. Talant ya sosa ƙeya.

Allah ya taimaka, kumburin Kaka ya saɓe kafin tuffa ta ƙare. Suka sake kama hanya, wannan karon kafaɗa da kafaɗa. Koren keke ya bi tsakuwa lafiya lau, ya ratsa yashi bai ko girgiza ba.

Suka tarar da rassa sun sunkuyo saboda nauyin 'ya'ya. Ita ta hau tsani, Kaka yana ƙasa yana nuna mata waɗanda suka nuna. Suka cika kwanduna, ta ɗaure mafi girma a bayan kekenta. Bayan wannan ma sun sake zuwa, har aka tsinke ta ƙarshe.

Ranar da Kaka zai tafi, duk layinmu muka fito rakiya. Ya kama hannun jikarsa a bakin mota.

"To, jikalle, me kika koya a bana?"

"Na koyi faci."

"Shi ke nan?"

Ta yi murmushi. "Na koyi in zaɓi abin da zai yi mini amfani, ba abin da zai burge mutane ba. Kuma idan babba ya ba ni shawara, in tsaya in saurara."

"Madalla," in ji Kaka. "Idan aka yi hutu ki zo Bishkek. Kafin nan an gyara mini gwiwa, sai mu ga wanda zai jira wani."