Gawar da Take Kiran Bilkisu

Da hantsi mai unguwar Gyadi-Gyadi ya faɗo ofishin 'yan sanda na Tarauni, hula a hannu. Sufeto Nura na tsaka da cin waina.

"Yallaɓai, an yi rasuwa, amma mai wankan gawa ta gudu. Wai mamaciyar tana magana."

"Me take cewa?"

"'Yarta take kira."

Sufeto ya ture kwanon. Ka san duk abin da ya raba ɗan sanda da waina ba ƙarami ba ne.

Mamaciyar, in ji unguwa, Hajiya Husaina ce, ƙanwar wani Janar da ya taɓa taka wuyan wata ƙasa. Sunansa kuma ka nema a gaba, ni ina son kwanan gida. Da mulkin ya kife sai ta sulalo Kano, ta kulle kanta a wani tsohon gida bayan titin Zariya. Ko leƙe ba ta yi, har unguwa ta manta kamanninta.

A mota Kofur Mercy ta yi ta danna waya.

"Oga, wani shafin ya ce Hasana, wani ya ce Husaina. Wannan ma ya kashe ta tuntuni a ƙasar waje."

"Su dai ba sa asarar likkafani. Baba, yaushe ne jana'iza?"

"Bayan Azahar," in ji mai unguwa.

"To kafin nan sai mun san wa za a rufe. In ƙasa ta hau, sunan da liman ya faɗa shi ne."

Gidan shiru, tagogi a toshe da kwali, rana tsaka amma ciki kamar rijiya. Gawa na falo an lulluɓe ta. Wata mata ce zaune a gefe, idonta jawur. Ita ce Bilkisu, 'yar da aka ce ta dawo daga Turai shekarun baya tare da wata tsohuwa mai aiki.

Sufeto bai gama gaisuwar ta'aziyya ba sai ga muryar tsohuwa, a shaƙe, daga ƙarƙashin bene.

"Bilkisu. Bilkisu, zo nan."

Mercy, da ke cika bakin ba ta tsoron kowa, sai ga ta a bayan mai unguwa. Sufeto ya yi bisimilla ya fizge wani tsohon zani. Keji ne, da aku a ciki, yana kallonsa da ido ɗaya.

"Muryar wa yake kwaikwayo?"

"Ta Hajiya," in ji Bilkisu. "Haka take kirana kullum."

"Ku nawa ta haifa?"

"Ni kaɗai."

"Mai aikin fa?"

"Ta tafi ƙauye."

Sufeto ya ja mai unguwa tsakar gida.

"Baba, mahaifiyarka ta taɓa kama sunan ɗan farinta?"

"Haba yallaɓai. Har ta koma ga Allah 'wancan' take ce masa."

"To tsohuwa sa'arta ce za ta riƙa rangaɗa sunan 'yar fari har aku ya haddace?"

"Ai sai dai in ba 'yar farin ba ce," in ji mai unguwa.

Suna tsaye akun ya sake. Wannan karon ba kira ba ne. Ƙara ce yake yi da maƙogwaro, irin ta dukan ƙofar ƙarfe, a hankali, kamar hannun da ya gaji. Sai wata murya daban, siririya.

"Ruwa. Don Allah, ruwa."

Ƙofar ƙarfe ɗaya ce a gidan, ta sito, can bayan bishiyar mangwaro. Ga kwaɗo sabo fil. Mercy ta samo taɓarya ta sauke masa.

Wari ne ya fara fitowa. A kan tabarma wata tsohuwa ce a duƙunƙune, ƙashi da fata, tana kare ido daga haske. Aka ba ta ruwa. Sufeto ya durƙusa.

"Inna, ya sunanki?"

"Husaina. Hasanar ta rasu tun muna goye."

"'Yarki fa, ya sunanta?"

Duk da halin da take ciki, sai ta kau da kai ta fuskanci bango.

"Ka tambayi wani, ɗan nan."

Sufeto ya koma falo. Bilkisu ba ta gudu ba, tana nan riƙe da ƙafar gawar.

"Wace ce wannan?"

"Uwata ce, Ummi. Ciwo ne ya kashe ta, ban taɓa ta ba. Ni ce autarta. Aiki muka nema a gidan nan, aka ɗauke mu, ni kuma na ce wa unguwa ni ce 'yar Hajiya."

"Me Hajiya ta yi miki?"

"Babana direbanta ne a can. Ta ce ya yi mata kallon raini, ta faɗa wa yayanta. Sojoji suka zo. Har yau ba mu ga kabarinsa ba." Ta ɗago kai. "Shi an binne shi ba suna. Ita na so a binne sunanta tana ji daga sito, a yi mata addu'ar uku, kowa ya watse."

Mercy ta ciro ankwa. Bilkisu ta miƙa hannu da kanta, sannan ta dubi mai unguwa.

"Baba, in liman ya tambaya, a ce Ummi."

Aka fita da ita. Motar na shirin tashi, daga cikin gidan muryar mamaciyar ta biyo su.

"Bilkisu, zo nan."

"Na'am, Inna," in ji ta, ƙasa-ƙasa.

Ba wanda ya yi dariya a motar har Tarauni.